Keken koyon tafiya na roba: kyan gani ya fi amfaninsa

Kusan duk shagon kayan jarirai yana da shi, kuma yana cikin abin da dangi ke son kaiwa gidan suna. Da'ira ce ta roba mai ƙananan tayoyi shida zuwa takwas, da mazaunin yadi mai kafa biyu da ake zura ƙafafun yaro, sai faranti a gaba mai kayan wasa da kiɗa na batir. Yawanci ana iya ɗaga tsawonsa mataki uku, ana kuma naɗe shi a ajiye. Ta fuskar sauƙi babu laifi: uwa ta sa yaro a ciki ta samu sararin wanke-wanke. Matsalar tana ga sunansa, domin ba ya koyar da tafiya.

Yaro yana koyon tafiya ne daga ƙasa. Zai fara da ɗaga kai yana rub da ciki, ya yi juyi, ya zauna, ya yi rarrafe, ya dafa gado ya miƙe, ya saki hannu, ya faɗi da mazaunai, ya sake tashi. Kowace faɗuwa tana koya wa ƙwaƙwalwa yadda za ta daidaita jiki, tsokar baya da ƙugu da cinya kuma suna ƙara ƙarfi. A cikin keke mazaunin ne ke ɗauke nauyin. Yaron yana rataye, yana ture ƙasa da yatsun ƙafa, ya saba da ɗage maimakon kafa dunduniya. Farantin kuma ya rufe masa ƙafafunsa, ba ya ganin inda yake takawa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Ailan, aka wallafa a 2002, ya gano cewa duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keken tana tafiya da jinkirin kusan kwana uku wajen fara tafiya shi kaɗai.

Jinkirin ma da sauƙi idan aka kwatanta da haɗari. Yaron da ke ciki yana iya cin kusan mita ɗaya a daƙiƙa guda, kafin babba ya miƙa hannu ya riga ya isa. A Amurka, tsakanin 1990 da 2014, yara sama da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 aka kai asibiti saboda wannan keke, galibi faɗowa daga matakalar bene, raunin kuma a kai ko wuya. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. A tsakar gidajenmu ko babu bene akwai dakali, kwata, bakin rijiya, murhun gawayi, tukunyar ruwan zafi da bokitin wanki. Taya ɗaya ta faɗa rami, keken ya kife, kai ne ke fara isa siminti. Yana kuma ƙara wa yaro tsawo, hannunsa ya kai kofin shayi ko gorar kalanzir da a da ta fi ƙarfinsa.

Keken katako mai taya uku da kafinta ke haɗawa, wanda yaro ke turawa ana yi masa tatata, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Yaron ne ke ɗauke da nauyinsa, tafin ƙafa a shimfiɗe, idonsa yana ganin ƙasa. Sai dai a duba shi kafin a biya: mariƙin ya tsaya daidai ƙirjin yaro, gindin ya yi faɗi kada ya tuntsura, a goge katakon, a tabbatar babu kan ƙusa a waje. Idan tayoyin sun cika santsi, a ɗan matse su don kada keken ya tsere ya bar shi. Kuma ba a ba yaro sai ya fara miƙewa da kansa yana dafa abu, a kan fili mai laushi, babba yana kusa.

Kafin wannan lokaci tabarma ta wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jaririn da bai fara motsawa ba ya samu aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki, a rarrabe, idonsa biyu, ana kallonsa. Ƙafa kuma a bar ta babu takalmi a cikin ɗaki.

Abin da ke tura iyaye sayen keken roba sau da yawa shi ne ganin ɗan maƙwabta ya riga nasu. Binciken hukumar na 2006, wanda ya haɗa da yaran Gana, ya nuna lafiyayyun yara suna fara tafiya tsakanin kimanin wata 8 da wata 18. Mai wata 14 da ke rarrafe yana dafa bango bai makara ba. Wanda ya wuce wata tara bai zauna da kansa ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko gefe ɗaya na jikinsa ya fi ɗaya ƙarfi, likita ya kamata ya gani.

Wanda aka riga aka kawo wa keken kyauta, ya cire tayoyin, ya daidaita tsawon yadda tafin ƙafa zai taɓa ƙasa sosai, zaman kuma kada ya wuce minti 15 zuwa 20 a lokaci guda.