Laftop na hannu a Maradi: ƙirga ƙwayoyin kafin ka ƙirga kuɗin

Bara na sayi laftop na hannu a wani shago kusa da babbar kasuwa. Mai shagon ya buɗe Gestionnaire de périphériques, shafin Windows da ke jera kayan cikin kwamfuta, ya ɗora yatsa kan layi huɗu, ya ce, "Alhaji, gani ya kori ji. i7 ce, mai kai huɗu." Na biya ina murna. Da ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya duba ta, dariya ya yi: ƙwaƙwalwar kwamfutar (processeur) i7-7500U ce, ƙwaya (cœur) biyu kacal gare ta.

Layukan nan huɗu ba ƙarya ba ne, amma zare suke ƙirgawa, ba ƙwaya ba. Ƙwaya ita ce mai aikin, zare kuwa layin aikin da take riƙewa ne. Da fasahar Intel mai suna Hyper-Threading, ƙwaya ɗaya kan bayyana wa Windows kamar biyu. Mai shayi ne da butoci biyu a kan wuta: aikin zai ɗan yi sauri, amma mutum ɗaya ne dai.

Don haka ka danna Ctrl, Maj da Échap, ka shiga Performance, ka zaɓi Processeur. Adadin da ke gaban "Cœurs" shi ne naka. "Processeurs logiques" na mai talla ne.

Ni dai i5-8250U ko i5-8350U nake nuna wa kowa. A 2017 suka fito, daga nan ne i5 ta ƙananan laftop ta tashi daga ƙwaya 2 zuwa 4, zare 8. Za ka same su a ThinkPad T480, Latitude 5490 ko EliteBook 840 G5. Ka buɗe Excel, ga Chrome da shafi goma, ga WhatsApp, ba ta haki. Ƙarin abu, Windows 11 tana karɓarsu, ita kuwa i7 ɗina ba ta cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince da su, ga shi an daina sabunta Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ryzen 5 3500U ta kamfanin AMD ma ƙwaya 4 da zare 8 ce, ba laifi. Sabuwar Celeron N4020 mai sheƙi cikin kwali? Kallon fim kawai.

Ga inda ake cutar mutane. Takardar "Core i7" da aka liƙa kusa da madannai, ko a kan ƙwarya za a iya liƙa ta. Sunan da Windows ke nunawa a shafin bayanin kwamfuta ma rubutu ne a cikin rajista, ma'ajiyar saitunan Windows, yaro mai wayo zai sauya shi cikin minti biyu. CPU-Z kuwa, ƙaramin shirin duba kwamfuta, ƙwaƙwalwar yake tambaya kai tsaye, shi ya sa nake yawo da shi a filas ɗina; ban yarda da wanda ke kan injin mai shago ba. In aka ce maka "babu wuta" ko "batir ya kusa mutuwa", ka ce za ka jira. In aka hana ka sa filas, ka yi sallama ka fita.

Tawa tana nan, yara na kallon katun a kanta.