Tiyatar rage ƙiba: wacce mutumin karkara zai iya riƙewa?

Ga mazaunin Gumel, Ringim ko Sumaila, kafin a yi maganar kilo nawa za a zubar, a tambaya: in ciki ya rikice da tsakar dare, wa zai duba ka? Shi ya sa na fi yarda da tiyatar yanke tumbi. Likita yana cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, ya bar siriri kamar ayaba, ba ya taɓa hanji. Abinci na bin hanyarsa ta da, don haka ƙarancin jini da na bitamin bai kai na tiyatar karkatar da hanji muni ba, ko da yake shan bitamin B12 ba fashi. Illarta ƙwannafi ne, sai kuma yoyon ɗinki a makonnin farko. Alamun yoyon su ne zazzaɓi, saurin bugun zuciya, ciwon kafaɗar hagu: a nemi mota zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, kada a tsaya a kemis.

Tiyatar karkatar da hanji, wadda ake sa abinci ya tsallake yawancin tumbi da farkon hanji, ta fi taimakon masu ciwon suga, amma kofin kunu mai zaƙi ya isa ya kawo zufa, jiri da gudawa, kuma diclofenac, maganin ciwon jiki na kemis, yana jawo gyambon ciki. Zoben roba da ake ɗaure saman tumbi da shi an kusa daina yayinsa. Balan-balan da ake sawa a cikin tumbi kuwa bayan wata shida ake cire shi, teɓa ta dawo.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen dillalai. Suna Facebook da WhatsApp da hotunan "kafin da bayan", su haɗa maka biza, masauki da tiyata a Masar ko Indiya a kuɗi ɗaya. Wani dillali ya kai goggona, ta dawo ba takarda ko ɗaya. Da jininta ya yi ƙasa, likitocin nan ba su ma san abin da aka yanke mata ba, shi kuwa ya kashe waya. A nemi sunan likita, rubutaccen rahoton tiyata, da wanda zai ci gaba da duba ka a gida. Dillalin da bai gaya wa mace ta jira wata 12 zuwa 18 kafin ɗaukar ciki ba, kuɗi kawai yake so. Masu shayin rage ƙiba na "ba sai an yanka ba" ma a kula: an sha samun sibutramine a irinsa, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda illarsa ga zuciya.