Wane tamostat ya dace da tsohuwar mota?

Tamostat shi ne ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin injin mota. Mai tsohuwar mota da tamostat ɗinsa ya lalace yana da zaɓi huɗu: ya sayi sabo na kamfanin da aka sani, ko na Kwatano da aka ciro daga wani injin, ko mai araha marar suna, ko kuma ya bar bakanike ya cire shi ɗungurungum. Kafin a kai ga ciniki, sai an san inda abin yake. Ana bin tiyon lagireto ne har inda ya shiga jikin injin, a nan za a tarar da ɗan murfi mai noti biyu ko uku. A Mercedes 190 yana sama ta gaba, hannu na kaiwa ba wahala, amma a Golf 3 yana ƙarƙashin famfon ruwa, a Corolla mai injin 4A-FE kuma yana inda tiyon ƙasa ya shiga.

A ganina sabo na kamfanin da aka sani ya fi sauran nesa ba kusa ba, wato Aisin ko Tama ga motocin Japan, Wahler ko Mahle ga na Jamus. Dalilin yana cikin yadda abin ke aiki. A tsakiyarsa akwai ɗan ƙoƙon ƙarfe cike da kaki, wanda idan ruwa ya yi zafi yake narkewa ya kumbura, ya tura sanda ta buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, idan ya huce kuma sifirin ya mayar da ƙofar ya rufe. Ingancin wannan kakin shi ake saya, kuma ido ba ya ganinsa. Nagari yana buɗewa daidai zafin da aka buga a jikinsa, digiri 82 ga yawancin tsofaffin Toyota, 87 ga Golf, ba ya yin gaba ba ya yin baya. Yakan zo da robarsa sabuwa, kuma na Toyota yana da ɗan ƙaramin fil mai motsi a gefensa wanda ke fitar da iska, dole ne a sa shi ya kalli sama lokacin ɗaurawa, ɓangaren sifirin kuma ya kalli cikin injin.

Na Kwatano ba wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki, don haka ban ga hikimar cire tsoho a sa tsoho ba. Mai araha marar suna kuwa bai cancanci a tsaya a kansa ba.

Cirewa gaba ɗaya ita ce shawarar da aka fi ji a gareji, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Sai dai injin da ba tamostat yakan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, ya sha fetur fiye da kima, baƙin mai ya gurɓace da wuri. A injinan da tamostat ɗinsu ke da faifai na biyu mai toshe gajeriyar hanya kuwa, cirewar kan sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagaye cikin injin bai je lagireto ba, zafin da ake gudu ya ƙaru.

Babbar matsalar ita ce jabu, kuma a nan ne na fi son mai saye ya buɗe ido, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yake ciniki ko a Panteka ta Kaduna. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da ɗaya a kwali mai kyau, da tambari da lamba, ya rantse na asali ne. A kan babbar hanya ya maƙale a rufe, allurar zafi ta hau ja, gasket ɗin kan injin ya ƙone, kuɗin gyara ya ninka na tamostat sau da yawa. Kwali ba shaida ba ne, domin buga kwali ya fi ƙera ƙarfe sauƙi. A fito da shi a riƙe a hannu. Na jabu ba shi da nauyi, bakinsa da kaifi, lambar digirin a dusashe ko a karkace, sifirin ɗinsa kuma yana lanƙwasuwa da ɗan yatsa. A ɗaga shi sama a duba, idan haske na ratsa ƙofar alhali a rufe take, a ajiye shi. A tafi da tsohon domin a gwada faɗi da tsayi, kada a yarda da "ai duk ɗaya ne". Akwai kuma masu goge na Kwatano ya yi ƙyalli su sa a sabon kwali, alamarsu ita ce tsatsa ko farin gishiri a lungun sifirin.

Kafin a ɗaura, a rataya shi da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta, ba tare da ya taɓa gindin tukunyar ba. Ya kamata ya fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ya buɗe sosai, sannan ya rufe ruf idan an fitar da shi ya huce. Tun a shago a yi sharaɗi da mai kaya cewa idan bai ci wannan gwajin ba za a dawo masa da abinsa, kuma a karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan.