Igiyoyin tsaro biyu da na yi wata 8 ina hawa sama da su

Sana'ata kafa sola ce, wani lokaci kuma akan kira ni hawan ƙarfen sabis ko tankin ruwa mai tsawo. Wata 8 da suka wuce na sayi igiyoyin tsaro guda biyu, kuma har yau idan na shimfiɗa su a ƙasa yaran da ke koyon aiki a wurina sukan ɗauka duk ɗaya ne. Mai shagon da na fara tambaya ma haka ya ce mini, wai igiya igiya ce. Ba haka ba ne, kuma kuskure a nan rai yake ci.

Ta farko ita ce Grillon ta kamfanin Petzl na Faransa, mai tsawon mita 2, da lambar EN 358 ta ƙa'idar ingancin kaya ta Turai a jikinta. Igiyar jingina ce. Za ka zagaya ta bayan ƙarfe, ka maƙala ta a zoben ƙugu na dama da na hagu na bel ɗin tsaron da ka ɗaura, ka kafa ƙafa, ka saki nauyinka a kanta. A da, hannu ɗaya nake rataya a ƙarfe har ya yi sanyi, ɗayan yana fama da sufana. Ranar da na fara amfani da ita na riƙe ƙarfen eriya da hagu, na ɗaure noti huɗu da dama, ban sauko da ciwon kafaɗa ba. Idan ina so in matsa kusa, sai in ja bakin igiyar. Idan ja da baya nake so, in ɗan rage nauyi in danna abin daidaitawa. Akwai riga a kan igiyar da ke hana kaifin ƙarfe cinta, kuma tawa ta sha gogayya sosai amma zaren ciki lafiya lau. Sharaɗinta shi ne ta kasance a miƙe kullum, kuma inda ta zagaya ya zama daidai ƙugu ko sama da shi.

Ta biyun mai tsawon mita 1.5 ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, lambarta EN 354. Ita ba a jingina da ita. Yawancin lokaci a sake take tana bin ka a baya, aikinta kawai ta hana ka isa bakin rufi, kamar dabba a turke, iyakar igiya iyakar kiwo. Saboda haka awo shi ne komai. Wata rana a saman wani bene mai rufin kankare na sauya wurin maƙalawa don in kai ga farantin sola na ƙarshe. Ina durƙushe na waiga, sai na ga ƙarfen da na maƙala bai fi mita 1 daga baki ba. Igiyar nan dai ce, ƙugiyar a rufe, amma da santsi ya kwashe ni da na wuce bakin. Gabana ya faɗi ƙwarai. Tun ranar nake auna tazara da tef kafin kowa ya maƙala, kuma ita nake ba yara domin ba za su iya ƙara mata tsawo ba idan sun ga aiki ya yi musu nisa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda abokan sana'a ke ɗaukar ɗayansu a matsayin mai tare faɗuwa. Babu wadda ke da abin rage fizga a cikinsu. Wannan aikin wata igiya ce daban, mai lambar EN 355, wadda ɗinkinta ke warwarewa don kada ƙarfin fizgar ya wuce kiloniyutan 6, kusan nauyin kilo 600. Ana maƙala ta a zoben baya ko na ƙirji na bel mai kama jiki duka. Wanda ya faɗo da igiya a zoben ƙugu, kashin bayansa ne zai karɓi bugun. Shi ya sa a kan ƙarfen sabis nake haɗa Grillon da mai rage fizga mai ƙafa biyu, wato mai reshe biyu kowane da ƙugiyarsa. A kan gida mai hawa ɗaya kuwa ta hana isa baki ta fi mini, domin mai rage fizga ta mita 2 da aka maƙala daidai ƙafa tana bukatar sarari fiye da mita 6 a ƙasa kafin ta tsayar da mutum.

Ƙurar hunturu tana shiga zare, don haka nakan wanke su da ruwa in shanya a inuwa, in bi da yatsa ina neman inda ya yi tauri ko ya yi gashi. Kuɗin Grillon bai tafi a banza ba. Mai mita 3 zan ƙara saya, saboda ginshiƙan tankin ruwa masu kauri sun fi ƙarfin wannan.