Shagon kayan labo (ɗakin gwaje-gwajen kimiyya) da ke kusa da Kasuwar Dole

Na shekara takwas ina koyar da ilimin sinadarai a wani lise (babbar makarantar sakandare) a nan Damagaram, kuma sai a bana na sami shagon da zan sayi kayan surka asid ba tare da na aika Yamai ko Kano ba. Shagon ƙarami ne, yana kusa da Kasuwar Dole, kuma abin da na ɗauko shi ne kwalbar asid sulfurik mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari, da kofin gilashin Pyrex mai jure zafi, da tabarau na kare ido, da safar hannu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai shagon ya san abin da yake sayarwa. Kafin ya miƙo kwalbar sai ya ce: "Malam, asid ake zuba wa ruwa, ba a zuba wa asid ruwa." Maganar tasa gaskiya ce, domin lita ɗaya ta wannan asid tana kai kilo 1.84, nauyin da ya kusa ninka na ruwa. Idan aka zuba ruwa a kansa, ruwan yakan tsaya a sama, zafin da haɗuwar ke fitarwa ya tafasa shi nan take, ya fantsamo da asid a fuska da hannu. Idan kuwa asid ɗin ne ya shiga ruwa mai yawa kaɗan-kaɗan ana motsawa, ruwan ne ke shanye zafin.

Na gwada kofin a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ya haura digiri 40. Na girka shi cikin roba mai ƙanƙara, na zuba ruwan da aka tace har ya wuce rabi, sannan na riƙa tsiyayo asid mililita 54 ta jikin sandar gilashi, gwargwadon abin da ake buƙata don lita ɗaya mai ƙarfin mol ɗaya (mol ma'aunin yawan sinadari ne). Jikin kofin ya ɗauki ɗumi har ana ji ta cikin safa, amma ko alamar tsagewa bai yi ba. Sai da haɗin ya huce sarai na juye shi cikin kwalbar awo na cika ruwa zuwa layin lita ɗaya, tunda a digiri 20 aka daidaita layin.

Safar hannun ce ta ba ni kunya. Irin siririyar nan ce ta asibiti, wadda ba ta jure asid mai ƙarfi, kuma yaron shagon ya dage cewa duk ɗaya ne. Ba su da kwalbar wanke ido, alhali wanda asid ya taɓa yana buƙatar ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, a garin da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba. Shi ya sa nake cika jarka biyu kafin in buɗe kwalbar. Mai shagon ya yi alkawarin kawo safa mai kauri bayan salla, kuma zan koma in duba.