Jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan: aiki ya yi kyau, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka

Na daɗe ina jin mutanenmu na Agege suna yabon jirgin ƙasan da ke zuwa Ibadan tun lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Yunin 2021, amma ban ɗauki yabon da muhimmanci ba, domin mun saba ganin aikin gwamnati ya fara da armashi ya ƙare a lalace. Ɗaurin auren ƙanena a unguwar Sabo ta Ibadan ne ya sa na hau shi, saboda kawunmu, wanda shi ne wakilin ango, ciwon ƙafa ba ya barinsa ya yi dogon zama a mota, balle a ce cunkoson Berger da ke bakin fita daga Legas ya ritsa da shi.

Daga tashar Agege muka shiga. Jirgin ya zo a kan lokacinsa, kowa ya zauna a kujerar da ke rubuce a tikitinsa, taragon yana da sanyi da tsabta, muka ratsa Abeokuta ba tare da shingen bincike ko ramin hanya ba. Wannan duk an sha faɗa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi shi ne abin da ya faru bayan mun sauka a Moniya, tashar jirgin ta Ibadan.

Mun riga mun fita harabar tashar, ina tsaka da ciniki da direbobi, sai na ga Kawu ya tsaya cik yana laluba gefensa, fuskarsa ta sauya. Ya ce da ni, "Ɗana, jakar tana cikin jirgi." Ƙaramar jakar fata ce da ya ɗora a ma'ajiyar kaya ta saman kujera, kuma a cikinta akwai kuɗin sadaki da maganinsa na hawan jini. Kafin in kai ƙofar shiga, sai ga wani matashi cikin kayan aiki, Bayarabe, yana tafe da sauri yana duba fuskokin mutane, jakar tana rungume a ƙirjinsa. Ya tuna da dattijon da ya taimaka wa wajen saukowa da sandarsa, shi ya sa ya fito nemansa maimakon ya ajiye ta a ofis mu yi ta zarya. Ya rusuna, ya ce cikin Hausar da ya tsinta, "Baba, kayanka ne? Ka duba." Kawu ya buɗe da hannu yana rawa, ya ƙirga kuɗin a gabansa, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Da na miƙa masa tukwici ya noƙe, sai da Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaro, karɓi, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifanka," sannan ya karɓa ya koma bakin aikinsa. A tashar mota ban san inda za mu fara neman wannan jaka ba, kuma har yau idan na tuna irin kunyar da za mu sha a gaban dangin amarya, sai in sake yi wa yaron nan addu'a.

Sai dai farin cikin bai daɗe ba. Moniya tana wajen gari, kuma direbobin da ke jira a bakin tashar sun san wanda ya sauka da tsoho ba shi da zaɓi, don haka kuɗin da suka yanka mana zuwa Sabo ya kusa kamo kuɗin tikitin mutum ɗaya. Idan aka haɗa wannan da na jirgin, an wuce kuɗin motar haya nesa ba kusa ba. A nan ne raina ya ɓaci. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma a irin wannan hali jirgin ƙasa ne ya kamata ya zama mafakar mai ƙaramin ƙarfi. Da na duba taragonmu, ma'aikatan ofis da ɗalibai masu kwamfuta a cinya na fi gani. Ɗan dakon kasuwar Mile 12 da mai sayar da albasa ba su cikin lissafin. Hawa kyauta da Shugaba Tinubu ya bayar a ƙarshen 2023 ya nuna mutane suna son jirgin, amma kyautar mako biyu ba gyara ba ce. Gyara shi ne a ƙara yawan tashin jirgi a kowace rana, a ware taragu masu rahusa, a kuma sa motocin safa masu tsayayyen farashi su riƙa kwasar fasinja daga Moniya zuwa cikin gari.

Kawu tsohon falken goro ne, kuma a hanya ya yi ta ba ni labarin yadda suke loda huhunan goro daga Agege zuwa Kano a tsohon layin da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912. Jirgin yana da jinkiri, ana kwana a hanya, amma talaka yana iya biya, kuma yana tafiya da kayansa. Wannan sabon layin mai kilomita 157 a Ibadan ya tsaya. Na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, ana kuma shimfiɗa na Kaduna zuwa Kano, amma tsakanin Ibadan da Abuja har yanzu babu sabon dogo, don haka mu 'yan Arewa mazauna Legas muna nan muna bin manyan motoci idan Sallah ta zo. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu layin dogo, kuma Jihar Legas tana gudanar da jiragenta daga Marina zuwa Mile 2 da kuma daga Agbado zuwa Oyingbo. Ina so in ga gwamnonin jihohinmu na Arewa sun yi amfani da wannan dama, su kuma matsa wa gwamnatin tarayya a haɗa layin Ibadan da na Abuja, tare da taragun kaya da 'yan kasuwar tumatir da shanu za su iya biya.