Yaya ga labarin Land Rover ɗin nan da kake ta tambaya

Salam Yaya, ya gida ya su Hajiya da yara. Ka dame ni da zancen hoton da na turo maka a WhatsApp wai me ya kai ni sayen gwangwani a Ingila inda motoci masu kyau suke a banza, to bari na baka labari dalla dalla.

Motar Land Rover ce Series III ta 1978, gajeriyar, mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, injin fetur lita 2.25, irin dai wadda Baba ya tuƙa wa ma'aikatar gona lokacin muna yara muna ce mata Landiroba, har da jan sandan nan da rawaya kusa da giya wanda in ka danna rawayan tayoyi huɗu su ja gaba ɗaya. Abin mamaki a Solihull aka ƙera ta, daga gidana a Birmingham bai kai tafiyar minti talatin ba. A wajen wani tsohon manomi na saye ta, ta shekara tara a rumbu kaji na kwana a ciki.

Ranar da na ganta bodi lafiya lau na ce na tsinci dami a kala, ashe ban sani ba. Bodin alminiyam ne baya tsatsa, amma shasin ƙarfe ne, na shiga ƙarƙashi na soka sukundireba sai gata ta ɓulla ta ɗaya gefen kamar biskit. Kaga nan da sanyi gishiri suke watsawa a titi saboda ƙanƙara, ga ruwan sama kusan kullum, shi ke cinye ƙarfe. Motar da zata shekara arba'in a Kano shasinta garau sai dai rana ta ƙona fenti da kujeru, a nan kujerun ne garau ƙasan ya ruɓe.

To kayan gyara kam Yaya sai dai a ce masha Allah. Motar da aka daina ƙerawa tun 1985 amma babu abin da zaka nema ka rasa, daga wosha har sabon shasi dal wanda aka tsoma a ruwan zinki don kar ya sake tsatsa. Kowane ƙusa da lambarsa, ka buga lambar a intanet ka biya, gobe ko jibi mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa. In bai yi daidai ba ka mayar su dawo maka da kuɗinka ba rantse rantse ba kiran shugaban kasuwa. Na tuna wahalar da muka sha a Kofar Ruwa muna neman kafireta ta 504 ɗinka, kowa yace jira ina zuwa ya tafi shagon maƙwabci ya dawo da wadda ba ita ba. Amma kar ka ɗauka nan babu kayan banza, akwai, sai dai su suna gaya maka, wannan na asali ne wannan mai araha ne ka zaɓa. Na yi ƙwauro na sayi robobin birki masu araha wata biyu suka fara yoyo, ni na jawo wa kaina.

Inda gizo ke saƙar shine kuɗin aiki. Nan bakanike da awa yake caji kamar lauya. Garejin farko da na je fam 75 suka ce duk awa banda haraji, kuma sai na jira sati uku kafin ma su duba ta. Mai walda ya zo ya leƙa, leƙawa kawai, ya rubuto min takarda da na gani sai da na zauna. Wlh a ranar na yi kewar Panteka, inda zaka kai wa yaro ƙarfen da ya karye ya kalla ya juya shi ya ƙera maka sabo kafin la'asar, ku yi ciniki har ka sa masa kuɗin abinci. Mutanen nan yawancinsu canzawa suka iya, a cire a jefar a saka sabo, wanda zai zauna ya farfaɗo da tsohon abu sai tsofaffi ƙalilan kuma su ma layi ake bi. Da masu gyaranmu na gida zasu samu kayan aikin nan da wutar da bata ɗaukewa, ni dai na san ba'a kama ƙafarsu.

Dole ta sa na zama bakanike. Na sayi sifanu na inci don na milimita basa kama notinanta, ina kallon YouTube ina kwancewa, duk Asabar ina cikin gareji da rigar sanyi biyu yatsu sun ƙage. Akwai ƙungiyar masu irin motar, yawanci dattawan turawa yan fansho, ɗaya ya ara min abin ɗaga inji kyauta ya wuni yana taya ni, shayi kawai ya sha. Wannan kam ya ban mamaki don maƙwabcina na shekara shida ko sunana bai sani ba.

Wani daɗin kuma, motar da ta haura shekara 40 gwamnati na ɗaukarta ta tarihi, ba kuɗin harajin hanya, ba dole sai ta je gwajin lafiyar mota na shekara shekara da ake ce wa MOT ba, kuma fam 8 da ake karɓa kullum a tsakiyar Birmingham tun 2021 daga motoci masu hayaƙi ita bata biya, alhali tafi kowa hayaƙi da shan mai.

Yanzu dai an ɗora bodi kan sabon shasi, inji ya tashi ranar Lahadi, saura waya da fenti. Maman Amira tace kuɗin da na zuba ya isa fili a gida, ban musa ba. Dan Allah ka duba min a akwatin Baba ko hoton nan nasa da yake jingine da tasa yana nan, so nake na gane kalar koren sosai kafin na sayi fenti.